Ku tambayi Tanti: zafin rana, neman aiki da zaman ƙasar mutane

Salamu alaikum masu karatu. Wannan karon saƙonnin da suka cika mini waya kusan duk na 'yan waje ne, ko na matan da 'yan waje suka bari a gida, ko na waɗanda suka dawo suna neman inda za su sa kansu. Ina jin zafin watan Afrilu ne ya tayar ma kowa da tsohon ciwonshi, dan mu ma nan Yamai in azahar ta yi ko ɗan kabu-kabu sai ka neme shi ƙarƙashin bedi. Sunaye na cire kamar yadda muka saba.

Daga wani ɗan Illela da ke Tamanrasset:

Tanti ina wuni ina gajiya. Ni aikin shantiye nike yi, ɗaukar siminti da bulo tun sahe har la'asar. Matsalata rana ce, bayan wuyana da kahwaɗuna sun ƙone har suna saɓa, in na koma ɗaki kaina kamar ya tsage, hitsarina ya koma ja kamar shayin farko. Na ce zan sayi man rana a farmasi sai abokaina sunka yi ta mini dariya wai man Nasara ne, baƙar hwata rana ba ta mata komi, balle mu da munka tashi cikin gonar hatsi a Adar. Shin gaskiya ne? Kuma mai aikin ya riƙe mini kuɗin wata biyu, in na yi magana sai ya ce in kai ƙara in na isa, dan ya san ban da takarda.

Ɗana, Allah ya ba ka lafiya. Kai fatar ce ta dame ka amma ni fitsarin ne ya tayar mini da hankali, dan fitsari in ya yi ja haka ga ciwon kai a kai, jikinka ne ke gaya maka ruwa ya ƙare, kuma wanda ke biyan wannan bashin ƙoda ce. Mai aikin ƙarfi cikin rana in ya daɗe yana bushewa haka kullum kullum ƙodarshi na iya lalacewa a hankali ba tare da ya ji komi ba sai abu ya yi nisa, kuma kai ka san abin da wankin ƙoda yake ci ma iyali. Kar ka jira ƙishi ya kama ka sannan ka sha, ka ajiye bido kusa da kai ka nannaɗe shi da jiƙaƙƙen buhu, kana wucewa kana kurɓa, ma'auninka shi ne launin fitsarin, in ya yi haske ka sha daidai in ya yi duhu ka ƙara. Ranar da zufa ta yi yawa ka haɗa ruwan gishiri da sukari irin wanda ake ba yara masu zawo, lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Kuma dan Allah ka lura da abokan aikinka, duk wanda ka ga ya fara magana ba kan gado ko yana tangaɗi jikinshi zafi rau, ba aljanu ba ne, rana ce ta buge shi, ku kai shi inuwa ku cire mishi riga ku yi ta zuba mishi ruwa kuna fifita sannan a nemi asibiti da gudu, wannan abin yana kisa cikin awowi kaɗan.

Maganar abokanka kuma rabin gaskiya ce. E baƙar fata ta fi fara jure rana, Allah ya yi mana wannan rahamar, amma jurewa daban rashin ƙonewa daban, ai ga wuyanka nan yana ba da shaida. Kuma Tamanrasset ba Illela ba ce, garin yana kan tudu wajen mita 1,400 sama da teku, duk yadda ka hau sama hasken nan mai ƙona fata ƙaruwa yake, shi ya sa za ka ji iska da ɗan sanyi amma fata na toyewa. Ka dubi Buzayen da ke kewaye da kai, da wa ka taɓa gani cikinsu ya fito rana da singileti? Rawani ne da riga mai dogon hannu mai yalwa. Kakanninka ma malfa suke sawa a gona. To ka fara da wannan dan shi ba ya cin kuɗi kullum, riga ta auduga mai dogon hannu, ƙyalle a bayan wuya ƙarƙashin hula, in da hali madubin ido wanda aka rubuta ma UV400, wato mai tare hasken nan mai ƙonawa, dan rana na daga cikin masu kawo yanar ido. Man rana kuma in ka samu kuɗinshi ka saya ba kunya, ka duba an rubuta SPF 30 ko 50, wato ma'aunin ƙarfin tare rana, ka shafa ma wuya da kunne da bayan hannu kafin ka fita, ka sake bayan awa 2 dan zufa na wanke shi. Man kaɗe yana da kyau da dare ya kwantar da inda ya saɓe, amma ba ya tare rana yadda mutane ke cewa.

Kuɗinka kuma, wallahi wannan shi ne kukan da na fi ji daga Aljeriya. Ba zan yi maka ƙarya in ce akwai wata ƙofa mai sauƙi ga marar takarda ba. Ka je wajen manyan 'yan Nijar na garin, waɗanda suka daɗe suna jin larabcin wurin, su raka ka wajen mutumin, sau da yawa kunyar dattijo na fiddo abin da rigimar yaro ba ta fiddowa. Daga yau kuma kar ka sake yarda da ajiya wajen mai aiki, a biya ka kullum ko duk sati, abin da ya taru ka turo gida ta hannun wanda aka sani. Ka san yadda kamen can yake, rana ɗaya ake kwashe mutane daga shantiye a sauke su bakin iyaka su tako wajen kilomita 15 cikin rairayi zuwa Asamaka, kuma da yawansu guminsu na watanni yana can hannun masu aiki. Ka yi katin kwansila, ka ɗauki hoton duk takardunka ka tura ma wani a gida.

Daga wata 'yar Yantala da ke Lyon a Faransa:

Tanti barka da aiki. Na gama masta a fannin lissafin kuɗi, tun lokacin nake tura CV ba dare ba rana, yawanci ko amsa babu, in ma an kira ni antiretiyan da sun gan ni sai a ce za mu kira ki. Yanzu shara nake yi a wani otel da asuba. Ga gajiya da ciwon ƙashi da baya kullum, ban san ko damuwa ba ce. Mama kuma duk kira sai ta ce 'yar wance ta turo an yi mata kaza, ni har na fara ƙin ɗaukar wayarta kuma abin na cin raina.

'Yata, ki fara ɗaukar wayar Mama. Na san nauyin da kike ji amma shirun naki ya fi rashin kuɗin yi mata ciwo, kuma ita ba mugunta take yi ba, lissafi take irin na gida, an ce mata yuro 1 sefa 656 ne sai ta ninka albashin da ta ji ana faɗi ta ga miliyan, ba wanda ya taɓa zaunar da ita ya ce ga kuɗin ɗaki ga na jirgin ƙasa ga na kuran ga inshora ga abin da ya rage. Laifin namu ne gaba ɗaya, mun saba ɗan waje ba ya turo hoto sai na gaban dogon gini da sabon jaket, ba mai turo hoton bokiti da tsumman goge ƙasa. Ki zauna ranar da hankalinki ke kwance ki gaya mata komi dalla dalla har sharar otel ɗin, sana'a ce ta halal ba abin ɓoyo ba, za ki sha mamakin irin addu'ar da za ta biyo baya.

Aikin kuma. Abu na farko takardar zama, kar ki bar ta ɗalibi ta mutu a hannunki, wanda ya gama masta a Faransa yana da damar neman katin shekara 1 na neman aiki ko kafa sana'a, kuma ba a sabunta shi, dan haka shekarar nan ba ta wasa ba ce. In har yanzu kina kan ta ɗalibi ki riƙa ƙirga awowinki, doka awa 964 ta yarda ɗalibi ya yi aiki a shekara, wuce haka na iya ɓata miki dosiye. Na biyu, zargin da kike yi a zuci ba mafarki ba ne, an sha gwadawa a can a tura CV iri ɗaya da suna daban daban a ga mai sunan Afirka ko na Larabawa ya fi shan shiru, to amma sanin haka ba zai biya miki haya ba, abin yi shi ne ki rage jefa takarda cikin intanet inda ba wanda ya san fuskarki ki koma ta hannun mutane. Malamin da ya duba miki aikin ƙarshe, wurin da kika yi istaj, tsofaffin ɗaliban makarantarku da ke LinkedIn, ki rubuta musu gajeren saƙo ki ce ga abin da na iya ina neman shawara, ba ki ce ku ba ni aiki ba. Ki yi rajista da France Travail, hukumar neman aiki ta can, wadda da ake kira Pôle emploi kafin 2024, da kuma APEC su da ke kula da masu manyan difilom, suna gyara CV kyauta. Kuma kar ki raina aikin anterim, wato na wucin gadi, na wata 3 a ofishin lissafi ko da ƙasa da matsayinki ne, abin da suke son gani layi ɗaya ne da ke cewa wani a ƙasar ya taɓa ba ki amanar littafin kuɗinshi.

Ciwon ƙashin nan ki je likita ki ce a auna miki bitamin D. Kin ga ikon Allah, ɗan'uwanki na sama rana ta yi mishi yawa ke kuma ta yi miki kaɗan. Fata ce ke haɗa wannan bitamin in rana ta taɓa ta, baƙar fata ta fi daɗewa kafin ta haɗa, ranar Turai daga Oktoba zuwa Maris ba ta da ƙarfin da za ta yi wannan aikin, ga ki kina fita da duhu ki dawo ki shige ɗaki ga sutura har ƙasa. Yana da yawa sosai cikin matanmu na can kuma maganin ba tsada. Amma in an auna komi lafiya kuma kina ji ba kya son tashi ba kya son ganin kowa, ki faɗa ma likitan wannan ma da bakinki, ba rashin tawakkali ba ne.

Daga wani saurayi a Bukoki, nan Yamai:

Tanti ni kam na dawo ne. Na yi karatun injiniya a Maroko, na ce gida ya fi, yanzu ga ni kullum a fada ina dafa shayi. Duk inda na kai dosiye sai a ce wa ya turo ka. Ƙannena da na bari a lakwal sun samu aiki ni ina roƙon kuɗin kiredi. Ina tunanin in sake fita ko ta wace hanya ce.

Ƙanena, ko ta wace hanya ɗin nan ce ban so ba, cire ta daga bakinka. Hanyar Agadas a buɗe take tun da aka soke dokar 2015 mai hana safarar bakin haure a ƙarshen 2023, amma soke doka bai rage ma hamada faɗi ba kuma bai sa gidajen kashe-kashen Libiya sun zama masauki ba.

Wanda ya dawo daga waje baƙo ne a garinshi, ba a cika faɗin wannan ba. Shekarun da kai kake can su ƙannen naka suna nan suna istaj kyauta suna gaida mutane a biki da jana'iza ana sanin fuskarsu, kai kuma ka dawo da takarda mai kyau ba wanda ya san ka. Ga shi ka faɗo lokaci mai wuya, tun bayan juyin mulkin Yulin 2023 furoje da yawa sun rage aiki ko sun tattara saboda masu ba da kuɗi sun ja hannu, mutanen da ke da shekaru goma na aiki ma suna layin da kake. To ka tabbata an yi ma difilom ɗinka ekibalans, wato an daidaita shi da na gida, a ma'aikatar ilimi mai zurfi dan ba tare da shi ba ko kwankur na gwamnati wahala zai ba ka, ka yanki katin ANPE, hukumar neman aiki ta ƙasa, in ba ka yi serbis sibik ba ka nema ko dan ka shiga cikin ofis a san hannunka. Kuma ka daina kallon Yamai kaɗai, injiniya a Tawa ko Damagaram ko Agadas ya fi daraja da a Filato inda kowa ke da irin takardarka, ga masu haƙar rijiyoyin burtsatse ga masu sa sola a ƙauyuka da garake, kullum kuka suke ba su da wanda ya iya lissafin abin. Ko albashin farko bai fi mafi ƙarancin nan na jika 42 da wani abu mai yawa ba ka karɓa ka shiga, daga cikin aiki ake jin labarin wani aikin, a fada labarin ƙwallo kawai ake ji.

Daga wata uwa a Tawa:

Tanti ina kwana. Maigidana yana Abijan shekara da shekaru. Muna da yaro zabiya ɗan shekara 6, in ya yi wasa waje sai ya dawo jawur da ƙuraje. Babanshi ya aiko mai kwalba biyu da wani mai zuwa gida, ya ce ɗaya na yaro ɗaya nawa, nawa an ce yana sa haske kuma yana tare rana. Duka rubutun faransanci ne ban iya karantawa ba. In shafa mishi nawa in nashi ya ƙare?

A'a 'yar'uwa, kar ko ɗigo ya taɓa shi. Ki kai kwalaben biyu farmasi a karanta miki yau ɗin nan. Na yaron dole ya zama SPF 50, in an ga an rubuta zinc a jiki ma ya fi, yana barin fari fari a fata amma shi ya fi dacewa da yara. A shafa mishi da safe kafin lakwal, fuska da kunne da wuya da leɓe da bayan hannu da ƙafa, a sake da rana, ko da hadari ko hazo ne dan hasken na ratsa su. Amma mai kaɗai ba ya isa kuma yana ƙarewa, babbar garkuwarshi hula mai faɗin baki da riga mai dogon hannu da dogon wando, wasa kuma a inuwa daga hantsi har la'asar. Ki je ki samu malaminshi da kanki ki roƙe shi ya zaunar da shi a bencin gaba dan yawancinsu idonsu ba ya gani nesa sai a ɗauka rashin ƙoƙari ne, kuma kar a tsayar da shi a rana da sunan horo. Duk gyambon da ya yi sati uku ko huɗu bai warke ba, ko wani tabo mai kaushi da ke girma, ki kai shi babbar asibiti kar ki tsaya maganin gida, ciwon dajin fata shi ne ke ɗauke mana zabiya da ƙuruciyarsu kuma in an kama shi da wuri cire shi ake yi a huta. Ki tambayi ƙungiyar zabiya ta nan jihar, wani lokaci suna raba mai da huluna kyauta, musamman wajen 13 ga Yuni da ake ranarsu ta duniya.

Naki kuma ni da za ki ji tawa ki ajiye shi. Mayukan nan masu sa haske yawanci akwai hydroquinone ko kortizon mai ƙarfi a ciki wani ma har da zaiba, suna cinye ainihin abin da ke kare ki daga rana su bar fata siririya, sai ki ga an yi fari wata shida daga baya kumatu su yi baƙi ƙirin irin wanda ba ya fita, ga nankarwa ga rauni in an yi tiyata ya ƙi haɗewa. Ita kanta Kodibuwa da aka sayo shi ta hana irinsu tun 2015, a ɓoye ake saida su. Ki gaya ma maigida cikin daɗin baki kuɗin kwalbarki ya ƙara a ta yaron.

Daga wata ƙanwa a Madawa:

Tanti wani a WhatsApp ya ce zai kai ni aikin gida Saudiya, in ba da jika 400 da fasfo ɗina, sauran a cire a albashi, wai har Umra zan yi.

Kar ki ba shi fasfo, kar ki ba shi ko dala. Wanda ke da aikin gaskiya yana da ofis da za ki shiga da ƙafarki tare da babanki ko yayanki, yana da takardar izini daga hukuma, kuma zai nuna miki kontira kafin ki taka jirgi, da sunan mai gidan da garin da albashi da ranar hutu, a karanta miki da harshen da kike ji. Ki tambayi irin bizar, in ta Umra ce ko ta ziyara to ba ta aiki ba ce, ranar da ta ƙare kin zama abin kamu. Ki sani kuma sassaucin da Saudiya ta yi ma dokar kafala a 2021 bai haɗa da masu aikin gida ba, ma'ana zamanki na rataye da mai gidan, in kika fita ba izini ya kai rahoto kin gudu shi kenan. A can ma doka ta hana mai gida riƙe fasfon ma'aikaci, balle wani da ba ki taɓa gani ba a waya. Ki ce ya ba ki lambar mata biyu da ya kai waɗanda suka dawo gida, ki je ki same su ido da ido ba tare da shi ba, ki tambaye su awa nawa suke barci da wata nawa aka yi ana cire musu kuɗi. In ya fara cewa sauri ake jirgi zai tashi, ki toshe lambar ki gaya ma sauran 'yan matan unguwarku dan ba ke kaɗai ya tura ma saƙon ba.